Hujin takarda ma yana da mai shi

Yaro, da ba don abin da tambayarka ta tono mini ba, da na ce ka je ka share shago ka bar ni in huta. Ka ce wani ya kawo tsohon naɗin fiyano, wato naɗaɗɗiyar takarda mai huji da fiyano mai kaɗa kansa yake bi ya fitar da kiɗa, yana so a huda masa irinsa, ya kuma haɗa da wata waƙar zamani yana so a shirya masa ita a naɗi, da baitocinta a gefe. Kai kuma a ganinka babu ruwan kowa, tunda huji ne kawai a jikin takarda, ba rubutu ba, ba murya ba, babu mai karanta shi sai inji. Ka ɗauka kai ka fara wannan tunanin? An yi shi tun ba a haifi kakanka ba, har gaban Kotun Ƙolin Amurka aka je da shi.

A 1908 aka yanke shari'ar. Kamfanin White-Smith na Boston, masu buga takardun kiɗa, suka yi ƙarar kamfanin Apollo na Chicago, masu yin fiyano mai kaɗa kansa, kan an huda waƙoƙinsu babu izini. Alƙalai suka ce naɗi ba kwafin waƙa ba ne, ɓangaren inji ne, tunda ido ba ya karanta shi yadda yake karanta takardar kiɗa. Kotun Ingila ma haka ta ce tun kafin nan, a ƙarar da kamfanin Boosey ya shigar. Da a nan zancen ya tsaya, da kana da gaskiya. Sai dai shekara ɗaya kacal hukuncin ya yi yana aiki, domin a 1909 Majalisar Dokokin Amurka ta sake doka ta ba mai waƙa haƙƙi a kan naɗi da faifai, Ingila kuma ta bi sahu a 1911. Kai da ba ka rabo da waya dare da rana, ko wannan ba ka taɓa dubawa ba.

Abin da ya sa ni da kai muke da sana'a shi ne tsoron da majalisar ta ji. Kamfanin Aeolian, masu fiyano mai kaɗa kansa da ake kira Pianola, sun riga sun bi masu buga waƙoƙi da yawa sun ƙulla yarjejeniya cewa duk ranar da doka ta ba da wannan haƙƙi, su kaɗai za a sayar wa. Da an bar su, da sun haɗiye kasuwar. Sai aka sa ƙa'ida: da zarar mai waƙa ya yarda an fitar da ita sau ɗaya, kowa yana iya yin nasa, ko mai ita yana so ko ba ya so, muddin ya sanar kuma ya biya senti 2 a kan kowane kwafi. Senti 2 ɗin nan bai motsa ba har 1978. Ya kai 9.1 a 2006, ya koma 12 a 2023. Ƙaramin kuɗi ne a kan naɗin da za ka sayar da daloli masu yawa. Yadda ake neman lasisin a wurin ofishin Harry Fox, wakilan masu buga waƙoƙi, waɗanda suke wannan aiki tun 1927, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai iya cika fom ba ba shi da abin yi kusa da injina.

Abin da nake so ya shiga kunnenka shi ne abin da wani mutum ya yi mini. Dillali ne, yana bin tarurrukan masu tara tsofaffin fiyano yana kasa kaya. Ya zo shagona tsaf da shi, ga zaƙin baki, ya ce ya zagaya ko'ina bai ga mai hannu irin nawa ba. A nan bai yi ƙarya ba. Waƙoƙin shekarun 1950 da 1960 yake so, jeri guda, kowace da baitocinta a buge a gefen takarda don masu fiyano su riƙa rerawa suna taka feda. Na tambaye shi lasisi, domin ni ban taɓa huda waƙar da ke da mai ita ba tare da na tambaya ba. Ya buɗe jaka ya nuna mini takarda ta gaske, da lamba da komai, ta waƙa ɗaya. Ya ce sauran suna hanya, ya riga ya biya, ofis ne ke jan ƙafa. Ya dafa ƙirji ya rantse. Mutumin da ya ci abinci a gidana, ya ɗauki ɗana a cinya.

Lokacin sanyin shekarar nan gaba ɗaya a kan aikinsa na ƙare shi. Ku yanzu kuna sauko da fayil daga intanet, ku tura wa inji, ku ce kun yi naɗi. Wannan ba naɗi ba ne, ɓarnar takarda ce, kuma fayil ɗin ma akwai wanda ya zauna ya yi shi, amma ba ku tambaya. Ni da fensir da ma'auni na zana kowace waƙa a kan uwar takarda, huji bayan huji. Sai ka san inda za ka rage wa hannun hagu nauyi don kada ya danne karin waƙar. Sai ka san huji nawa za su buɗe a lokaci guda kafin zugazugin ya gaza, mai taka feda ya fara haki. Dogon sauti ba a tsaga shi tsaga ɗaya, ana jera ƙananan huji ne a bar siraran gadoji a tsakani, in ba haka ba takardar ta yage ko ta karkace a kan ƙarfen ramukan da take bi ta kansa a cikin fiyano. Faɗin takarda inci 11 da kwata, huji 9 a kowane inci, kamar yadda masu sana'ar suka daidaita a Buffalo a 1908, kuma in ka rubuta gudu 70 a bakin naɗi to ƙafa 7 ke nan a minti, dole waƙar ta zauna daidai a kan wannan gudun. Wata waƙar sai na kwana ina sauraron gaɓa ɗaya, ina liƙe huji ina sake hudawa, har ta yi numfashi irin na mutum. Aikin da na yi wa mutumin nan yana cikin mafi kyau da hannuna ya taɓa fitarwa, shi ya sa har yau in na tuna abinci ba ya yi mini daɗi.

Ya ba da kafin alƙalami, ya kwashe kaya akwati-akwati, ya ce ragowar kuɗi sai ya dawo daga taro. A jikin kowane kwali akwai sunan shagona, domin ni ba na fitar da aiki babu suna. Abin da ya dawo mini daga taron wasiƙar lauyoyi ce, daga wani kamfanin da ke riƙe da haƙƙin yawancin waƙoƙin. Laifi biyu suka lissafa. Na ɗaya, an huda waƙoƙi babu lasisi, domin sauran takardun da ke hanya ba a taɓa neman su ba. Na biyu, baitocin da ke gefe. Ka buɗe kunne a nan, don shi ne ramin da baƙonka na yau yake ja ka zuwa gare shi: lasisin da doka ta tilasta na kiɗan da inji zai fitar ne kaɗai. Buga kalmomin waƙa a takarda ɗab'i ne, izininsa daban, kuma mai waƙa yana da ikon ya hana ko ya yanka kuɗin da ya ga dama. Ko waƙa ɗayan nan da ya nuna mini takardarta, baitocinta ba su da izini, kuma adadin da ya biya wa bai kai abin da ya sa na huda ba.

Na kira shi. Ya ce shi saye ya yi a wurina kamar kowane mai saye, bai san komai game da lasisi ba, ai mai inji shi ne mai sanin doka. Daga nan ya yi layar zana. Lauyan da na ɗauka ya gaya mini gaskiya tsirara: wanda ya huda kwafin yana da laifi, ko ya sani ko bai sani ba, kuma doka ta ba alƙali damar ya ci tarar dala 750 har zuwa 30,000 a kan kowace waƙa, in kuwa an ce da gangan ne ta kai 150,000. Ka ninka da jerin waƙoƙi ka gani. Sulhu muka yi. Don in biya, sai da na sayar da fiyano mai kaɗa kansa samfurin Duo-Art da na ɗauki shekaru ina tayar da shi daga mutuwa, wanda na yi niyyar ya tsufa tare da ni. Ragowar naɗin da ke shago kuma sharaɗin sulhu ya ce a lalata su, aka lalata ina tsaye.

Bai ƙare ba. Bayan wani lokaci wani abokin sana'a ya sa mini wani naɗi da ya saya, da sunan wani shago a kwalin. Kafin a kai tsakiya na miƙe tsaye. Hannuna ne. Akwai yadda nake gangaro da hannun hagu kafin amshi wanda babu mai yin sa sai ni, ga shi nan huji da huji. Mutumin ya kai naɗina an ɗauki hotonsa da na'ura, an sake hudawa a wani wuri. Na koma wurin lauya da wuta a cikina, domin na san tun 1912 wata kotu a New York ta hana wani kamfani kwafar naɗin Aeolian, ta ce lasisi ya ba ka waƙa ne, bai ba ka gumin wani ba, ka je ka yi naka shirin. Lauya ya girgiza kai. Ya ce shirin da aka yi a ƙarƙashin lasisin tilas ba ya samun kariya sai mai waƙa ya amince, balle wanda aka yi babu lasisi sam. Na gina ɗaki ne a filin da ba nawa ba. Ɓarawo ya ci da gumina sau biyu, ya yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma ina jin har yau yana yawo a tarurruka ana gaishe shi da mutunci.

Tsohon naɗin da baƙonka ya kawo kuwa, ka duba shekarar da aka wallafa waƙar, ba shekarar da ke jikin kwali kaɗai ba. A Amurka waƙar wancan zamani shekara 95 ne iyakar kariyarta, kowane 1 ga Janairu shekara guda take kuɓuta, ta 1929 ta kuɓuta a 2025. Amma ka tambaye shi ina zai kai. A Turai lissafin daban ne, shekara 70 bayan mutuwar mai waƙa. Irving Berlin, marubucin waƙoƙi, ya rasu a 1989, don haka waƙarsa ta 1911 da kowa ke hudawa kyauta a nan, a wata ƙasar tana iya zama da mai ita har yanzu. Yaran yanzu kuna sa kaya a intanet kuna aika wa duk wanda ya biya, ba ku ma duba ƙasar da ke jikin adireshi.

Gobe in ya dawo, ka ce masa lasisin waƙar zamanin da sunan shagon nan za a nema, mu za mu nema, shi zai biya, kuma adadin da ke takardar shi ne adadin da inji zai huda, ko ɗaya ba za a ƙara ba. Baitoci kuwa sai na riƙe wasiƙar masu waƙar a hannuna. Kuɗin aiki gaba ɗaya kafin kwali ɗaya ya fita ƙofa, uwar takarda kuma tana nan a ɗakina a kulle. In ya fara cewa takardu suna hanya, kada ka tsaya musu da shi, ka zo ka kira ni.