Tambaya da Amsa: In jinginar da gida in sayi babban injin katako?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar katako ne a Daura, shekara tara ke nan. Ina sayen itatuwan bedi da turare a tsaye daga hannun manoma, yarana su sare su tsaga a wurin da injin sarƙa guda biyu, Stihl 070. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 riba ta bi ruwa. Fetur ya ci, gyara ya ci, sarƙa ba ta yi mini wata. Wani abokina ya matsa mini in ci bashin banki in sayi babban inji irin na bidiyon Facebook, mai rungumar bishiya ya sare ya gutsuttsura shi kaɗai. Bakanikena kuma ya ce ba sai na wahala ba, ya goge 'yan ƙarafan da ke gaban haƙoran sarƙa don ta riƙa ci da yawa, ya ce mu koma baƙin mai. Gida ɗaya gare ni, shi banki ke nema jingina. Barci ya gagare ni. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kawo kasuwa mai albarka. Kafin komai, mayar da takardar gidan nan ƙasan akwati.

Injin da ka gani, irin na kamfanonin Ponsse da John Deere da Komatsu, an ƙera shi ne don dazukan Finlan da Suwidin, inda itatuwa ke tsaye ɗaruruwa a hekta guda, miƙaƙƙu, kaurinsu kusan ɗaya, ana aiki dare da rana. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai da na biyu mai kwashe gungume. Kai kuwa bedi uku ne a bayan Sandamu, biyar a hanyar Zango, kowanne da karkacewarsa. Kuɗin motar da za ta kai injin daga wannan gona zuwa waccan kaɗai ya fi kuɗin itacen. Bashi kuma ba ya hutun Juma'a. A ce banki na karɓar naira 400,000 duk wata: in inji ya yi kwana 20 yana aiki, kowace rana ta ɗauki 20,000, in kwana biyar ya yi, ta ɗauki 80,000 tun ba a zuba mai ba.

In ma akwai injin da ya cancanci ka yi tunaninsa, to na tsaga ne mai siririn zarto. Sarƙa tana mayar da kusan milimita 9 na itace gari a kowane yanka, siririn zarto kusan 3. Ɗauki gungume mai kaurin santimita 40 ka fitar da falankan inci ɗaya: sarƙa za ta ba ka 11, zarto 14. Falanki uku ke nan ka bar wa iska a gona. Sai dai akasari shi ba ya zuwa wurin itace, itace ke zuwa wurinsa, ga dizal, ga mai wasa zarto. Kuma ina itacen da zai ci kullum? Akasarin katakon kasuwanninmu daga kudu yake zuwa a tsage, shingayen itatuwan da aka dasa don tare hamada a Daura da Mai'adua da Jibiya ba na sarewa ba ne, dajin Rugu kuwa ba sai na gaya maka ba. Ka fara kai gungumen ka biya a tsaga maka, ka kwatanta. Turare ma sau da yawa ya fi riba a sayar da shi sanduna ga magina, domin in an tsaga shi ɗanye tsagewa yake ya murɗe.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wasiƙarka na bar sauran: bakaniken nan naka.

Babu makon da ba na cin karo da wannan aika-aika, har na gaji da magana. Ɗan ƙarfen da ke gaban kowane haƙori, Bature bai sa shi don ado ba. Shi ke ƙayyade zurfin da haƙori zai ciza. A sarƙar 070 ana so ya yi ƙasa da kan haƙori da milimita 0.8 kacal, wato kamar kaurin katin ATM ɗinka. A ƙananan injuna ma 0.65 ne. Ana rage shi kaɗan-kaɗan da ma'auninsa yayin da haƙori ke gajarta saboda wasawa. Shi kuwa mutuminka ya ɗora garanda a kai ya share shi tas, da ido, ya karɓi kuɗin aiki.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ranar farko. Sarƙa na fizgar kanta cikin itace, ɓarɓashi na fita manya-manya, afareta na washe baki. Amma ka saurari ƙarar injin, za ka ji tana shaƙewa. An ba shi loma ta fi bakinsa. Gudunsa ya ragu, fankar da ke sanyaya shi ta ragu tare da shi, kuloci na zamewa yana ɗaukar zafi, sai yaro ya ƙara danna mai. Jijjigar tana cin boris, tana buɗa gaɓoɓin sarƙa har ta saki ko ta tsinke. Ga amsar sarƙarka da ba ta yin wata. Falankin kuma ya fito da tudu da kwari kamar kunyar gero, kafinta ya shafa hannu ya rage maka kuɗi. Ka biya a fetur, ka biya a gyara, ka biya a farashi, kana ta zagin gwamnati.

Wannan duk dukiya ce, ana mayarwa. Injin sarƙa yana harbi kamar jaki: da zarar saman bakin dogon ƙarfen da sarƙa ke gudu a kai ya taɓa reshe ko ya maƙale, sai ya yi tsalle baya ya nufi fuska da kafaɗa, kafin ƙiftawar ido. 'Yan ƙarafan nan su ke rage ƙarfin harbin. Kuma 070 tsohon yayi ne, mai girman inji siisii 106, nauyinsa ya haura kilo goma, irin wanda ke yawo a kasuwanninmu ba shi da birkin sarƙa. Yaranka kuma da bakin ƙarfen suke tsaga, a tsaye kan gungume, da silifas. An cire wa jaki dabaibayi, an ce yaro ya tsaya bayansa.

Bara na je duba wani yaro a asibiti, bai kai ashirin ba. Ɗinkin ya taso daga ƙashin wuya har gindin kunne. Da aka kawo mini sarƙar na shafa yatsa, ko ɗaya daga cikin ƙarafan ba a bari ba, sumul. Maigidansa sai da ya sayar da injin ya biya magani, yana ta faɗin tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, Alhaji, amma ƙaddarar nan na ga wanda ya wasa ta da garanda. Shi bakaniken da ya share waccan sarƙa yana nan a rumfarsa, ko sannu bai je ba, kuma har yau ana kai masa layi saboda wai "hannunsa na da kaifi". Mutumin da bai taɓa buɗe littafin inji ba, ko ma'aunin da bai kai kuɗin litar mai kaɗan ba bai mallaka ba, shi ke yanke hukunci a kan wuyan 'ya'yan mutane. Sarƙar da aka share ba ta gyaruwa. Cire irin waɗannan sarƙoƙi daga injinanka yau, ko aljihu zai yi kuka.

Baƙin mai ƙanen wancan ne. Cike yake da garin ƙarfe, ba ya manne wa sarƙa, yana cin famfon mai da ƙarfen da sarƙa ke gudu a kai. In kuma a fetur ake gauraya shi, sai ya toshe zoben fistin da baƙin toka. Ka sayi man da aka yi don injin tu-sitirok ka bi littafi: kashi 50 na fetur da 1 na mai shi ne mililita 20 a litar fetur, 25 da 1 kuma 40. A auna da sirinji, a daina aunawa da murfin gora.

In sauri kake so, a haƙori yake. Yashin Daura yana kwance cikin ɓawon kowace bishiya, bedin cikin gari kuma cike da ƙusoshin masu kafa allon talla, don haka a kankare ɓawo a inda za a yanka. Duk cika tanki a ja magagari mai milimita 5.5 sau biyu ko uku a kowane haƙori. Sarƙar tsaga a wasa ta a kusurwa 10, ta sara a 30, kada a haɗa musu aiki. In ka ga gari na fita kamar na tuwo maimakon ɓarɓashi, a kashe inji a wasa. Da hunturu a kakkaɓe matatar iska kullum.

Takardar izinin sara kuma ka nema daga ma'aikatan gandun daji kafin inji ya bar gida. Na sani, je-ka-ka-dawo ne, kuma ko da takardar sai an tare ka a hanya an nemi na goro. Amma injin da aka kama ya yi wata a ofis ya fi kowanne tsada.

Ka sayi littafi mai shafi arba'in, kowane inji da nasa ɓangaren: lita nawa ya sha, falanki da tu-bai-fo nawa ya fitar, kwana nawa ya kwanta, me aka saya masa. Bayan wata uku da sabuwar sarƙa ka turo mini, mu zauna mu ga ko maganar siririn zarto ta taso.