Na tuba, sai na mayar da abin da na tauye?

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe kana tauye mudu a kasuwar Katsina, yanzu ka tuba, kana tambaya ko sai ka biya tunda ceto ta wurin alheri ne.

Gafara dai ba a sayenta, kyautar Allah ce, Afisawa 2:8-9. Amma dubi Zakka, mai karɓar haraji, a Luka 19. Yesu ya sauka gidansa tun bai biya kowa ba, sannan Zakka da bakinsa ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Alherin ne ya buɗe masa hannu.

Abin da ke damuna shi ne mutum ya zuba kuɗin a baikon coci, alhali mai haƙƙi yana Ƙofar Ƙaura da ransa. Fara da waɗanda ka sani. Waɗanda suka ɓace maka, zauna da fastonka ku shawarta. Mudun kuwa, sauya shi gobe.