Tambaya da Amsa: Mutane na shiga manhajata amma ba sa kammala oda, ta ina zan gano matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina wa wani shago a Kantin Kwari manhajar sayar da atamfa, shadda da leshi. Mutane suna saukewa, suna duba kaya, amma ƙalilan ne ke kaiwa ga biyan kuɗi, sauran sai su koma kiran mai shago ta WhatsApp. Duk abokan da na nuna wa sun ce ta yi kyau. Ba ni da kuɗin ɗaukar ƙwararru. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, daina tambayar mutane ko manhajar ta yi kyau. Wanda ya san kai ka gina ta ba zai kushe ta a gabanka ba, kunya da kara ba za su bar shi ba. Kuma abokanka wataƙila irinka ne, sun saba da manhajoji, wayoyinsu manya. Abin da kake buƙata shi ne ka zauna kusa da mai sayen kaya na gaske, ka ba shi aiki, ka zuba ido ka ga inda zai tsaya. Wannan shi ne gwajin sauƙin amfani, kuma wuni ɗaya ya ishe ka zagayen farko.

Mutum biyar za ka nema. Jakob Nielsen da Thomas Landauer, masu bincike kan sauƙin amfani da manhajoji, sun nuna a binciken da suka fitar a 1993 cewa mai gwaji ɗaya yakan bankaɗo kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin amfani, biyar kuma su kai wajen kashi 85. Daga nan sai ka riƙa ganin tuntuɓe iri ɗaya yana maimaituwa. Shi ya sa Nielsen ya ba da shawara a shekarar 2000 cewa zagaye uku na mutum biyar-biyar, ana gyara a tsakani, ya fi zagaye ɗaya na mutum 15. Amma lissafin yana aiki ne idan mutanen iri ɗaya ne. Ɗan sari da ke ɗaukar turmi 50 zuwa Maraɗi da uwargida mai neman ankon biki ba buƙatarsu ɗaya ba, don haka ka samo uku ko huɗu daga kowane ɓangare. Mai shagon ya san kwastomominsa, shi zai haɗa ka da su. Idan matan aure ne, mace ta jagoranci zaman, sun fi sakin jiki.

Kowa ya yi gwajin da wayarsa da datarsa, kada ka miƙa taka. Ka biya kuɗin datar da na mota, ka ware wa kowa minti 30 zuwa 40, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya ko hoton fuskar wayar. Biyan kuɗi kuma a tsarin gwaji za a yi shi, kada kowa ya shigar da lambar sirrinsa ta banki a gabanka.

Rubuta ayyuka uku ko huɗu a matsayin labari. Misali: "Bikin ƙanwarki saura mako biyu. Kina da naira dubu 30. Nemo atamfar da ta yi miki, ki sa a kawo miki gida." Kada kalmar da ke kan maballi ta fito a cikin aikin. Idan ka ce "danna Kwando", wato maballin inda mai saye ke tara kayan da ya zaɓa, ka riga ka ba da amsa, ba ka gwada komai ba.

Inda mai jagorantar gwaji ya fi faɗuwa shi ne kasa yin shiru. Ka fara da cewa, "Hajiya, manhajar muke gwadawa, ba ke ba. Duk inda kika rikice laifinta ne, kuma shi muke nema." Kada ka ce kai ka gina ta sai an tambaye ka. Ka roƙe ta ta riƙa faɗin abin da ke ranta a fili yayin da take dannawa. Za ta tsaya, ta ɗago ta dube ka, ta ce, "Nan zan danna?" Hannunka zai yi ƙaiƙayin nuna mata. Ka daure. Mayar mata da tambayar: "Me kike ganin zai faru idan kin danna?" Amsarta ita ce ribar zaman gaba ɗaya, domin a nan za ka ji yadda ta fahimci shafin, wanda sau da yawa ya sha bamban da abin da ka nufa. Idan ta yi kamar minti biyu ba ta motsa ba, rubuta cewa aikin ya gagara, ka taimaka mata, ku wuce na gaba. Kuma abin da hannunta ya yi za ka rubuta. Mutum yakan sha wuya minti biyar a shafi ɗaya, a ƙarshe ya ce "ai da sauƙi", don kada ranka ya ɓaci.

Ga wuraren da ya kamata ka sa ido a irin manhajarka. Akwatin adadi: idan an rubuta "1", yadi ɗaya ne ko turmi ɗaya? Shadda a yadi ake yanka ta, atamfa a turmi, kuma mai saye da bai tabbata ba zai gwammace ya kira waya. Akwatin bincike: mutum zai rubuta "shada" ko "atampa", zai rubuta k a madadin ƙ, d a madadin ɗ, domin ba kowane allon rubutu ke da haruffa masu ƙugiya a kusa ba. Dole binciken ya ɗauke su abu ɗaya. Lambar waya: ta Najeriya guda 11 ce da sifiri a farko. Idan ka riga ka sa +234 mutum kuma ya ƙara sifirin, fom da yawa sukan ƙi karɓa. Manhajar ce ya kamata ta cire shi da kanta, ta kuma karɓi lambar Nijar mai guda 8 da +227. Adireshi kuwa, kada ka tilasta lambar gida ko lambar gidan waya. Bar fili a rubuta kwatance, irin "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan get".

Wanda na fi zargi a lamarinka shi ne matakin biya. Mai saye zai fita ya shiga manhajar banki ko ya buga lambar tura kuɗi. A ƙananan wayoyin Itel da Tecno masu ƙwaƙwalwar aiki gigabait 1 ko 2, Android yakan kashe manhajar da aka bari a baya don ya sami wuri. Mutum ya dawo, kwandonsa wayam, ga shi kuɗi sun fita. Wanda hakan ta same shi sau ɗaya ba zai sake ba. Ka ajiye kwando da lambar oda kafin mutum ya fita, ba sai ya dawo ba. A sashen masu gina manhaja na saitin Android akwai zaɓin da ke rufe shafi da zarar an bar shi, kunna shi ka gwada da kanka.

Jinkiri ma ka auna shi da agogo. Idan amsa ta wuce daƙiƙa ɗaya mutum yakan lura, idan ta kai 10 hankalinsa ya tafi. Maballin biya da aka danna bai nuna alamar komai ba, za a sake danna shi, oda ta shiga sau biyu. Ka kulle shi bayan dannawar farko, ka rubuta "Ana aikawa, a ɗan jira". Google ya ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza 48dp tsawo da faɗi (dp ma'aunin girma ne a fuskar wayar Android), ƙa'idar WCAG kuma, wadda ta tsara yadda shafukan intanet za su yi wa kowa sauƙin amfani, ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Rubutu mai ruwan toka a kan fari ɓacewa yake yi a hasken rana, saboda haka ka yi zama ɗaya a waje, a bakin shago.

Da yamma ka zana jadawali: ayyuka a gefe, mutane a sama, a kowane gida ka sa "ya gama shi kaɗai", "da taimako" ko "ya gagara", da wurin da aka tsaya. Duk abin da ya hana mutum biyu ko fiye kammala oda shi ne gyaran wannan makon. Ƙorafin launi da fasali ya jira. Ka gyara uku mafi tsanani, sannan ka kira sababbin mutum biyar, kada ka maido na farko domin sun riga sun koyi hanya, ka ba su ayyukan nan dai ba tare da canza kalma ba, ka ajiye jadawalin biyu gefe da gefe.