Hajiya, ki bar gidan gwaji, ki je tsohon aikinsu da damina

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa domin amsar tana da tsawo. Kin ce wani kamfani yana gina rukunin gidaje a wajen Lugbe da ke Abuja, sun kai ki kin ga gidan gwaji mai ɗaki uku ya kwanta miki a rai, sun ce ki ba da kashi 30 cikin 100 yanzu, sauran ki biya a hankali cikin shekara biyu, kina kuma son sanin yadda za ki gane ko masu amana ne kuma aikinsu mai ƙarko ne kafin ki saki kuɗin da kika daɗe kina tarawa. Ni ba injiniya ba ne. Rodi da siminti da kwanon rufi nake sayarwa a kasuwar Dei-Dei tun ina saurayi, masu irin waɗannan gine-gine kuwa su ne abokan cinikinmu na kullum. Abin da na gani daga wannan ɓangaren shi zan faɗa miki.

Da farko gidan gwajin nan ki cire shi daga lissafi, tumatirin saman kwando ne. Na sha ganin foman ya zo rumfa da takarda biyu a hannu, ɗaya ta kayan gidan da za a riƙa nuna wa mutane, ɗaya ta sauran gidajen, kuma kayan ba iri ɗaya ba ne. Rodi mai kaurin milimita (mili) 12 na gaskiya tsawonsa mita 12 ne, tan guda yana ba da sanda 93 ko 94. Mai mili 16 kuma 52 ko 53. Akwai mai ginin da zai tsaya a gabana ya ce a ba shi wanda tan ke ba da sanda ɗari da ɗoriya. Wannan sunan 12 kawai ya saya, kaurin bai kai ba, kuma ya san bai kai ba. Da an zuba kankare an yi filasta an shafa fenti, babu mai sake ganin rodin nan har abada. Haka kwanon rufi: a rubuta kaurin mili 0.55 a takardar talla, a ɗora wanda bai kai 0.45 ba. Ba duka suke haka ba, wallahi akwai masu tsoron Allah a cikinsu waɗanda za su dawo mini da kaya idan suka auna suka ga ya gaza. Amma daga fenti da fitilun falo ba za ki bambance su ba.

Inda ake gane su shi ne gidajen da suka gina suka miƙa wa masu su shekara biyar ko fiye da suka wuce. Ki ce su rubuta miki sunayen wuraren. Idan suka fara kame-kame, ko suka ce wannan ne aikinsu na farko, to ki sani da kuɗinki za su koyi sana'a, sai ki yanke shawara ko za ki iya ɗaukar wannan. Idan sun ba ki, kada ki yarda mai tallarsu ya raka ki, domin gidan da aka shirya zai kai ki. Ki tafi da mijinki ko ɗan'uwanki, kuma in da hali ki bari sai Agusta ko Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane gida a Abuja lafiyayye ne.

Wannan maganar damina ina yin ta ne musamman saboda kin ambaci Lugbe. A watan Yunin 2023 ruwa ya shanye gidaje sama da ɗari a rukunin Trademore da ke can, har hukumar babban birnin tarayya ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Lokogoma ma ta sha irin wannan. Lugbe babba ce, akwai tudu akwai kwari, ban ce ki guje ta ba. Amma ki tsaya a filin da aka ce za a gina naki ki duba ina ruwa yake gangarawa, akwai rafi a bayan katanga ko babu, an cike wani kwari ne da jar ƙasa aka ɗora gini a kai ko ƙasar asali ce. 'Yan asalin wurin, Gbagyin da suka yi noma a nan kafin gini ya zo, sun fi kowa sanin inda ruwa ke kwana. Ki gaishe su ki tambaya.

Na taɓa raka wani ƙanena irin wannan zagayen. Daga bakin titi wurin gwanin sha'awa. Muka yi sallama a wani gida, matar gidan ta sa yaronta ya janye mana kabad ɗin ɗakin barci. Bayan bangon ya yi baƙi da danshi tun daga ƙasa har kusan gwiwa, fentin ya kumbura yana ɓarewa da an taɓa, ɗakin yana tashin warin ruma. Ta ce kowace shekara sai sun kankare sun sake fenti, kowace damina kuma sai ya dawo. Ba zai daina dawowa ba, domin ba a shimfiɗa leda da kankaren da ke hana danshi hawowa daga ƙasa yadda ya kamata ba, wannan kuwa ba a gyara shi da fenti. A bayan gidan murfin sokawe ya lotsa, a jikin katanga ga layin da ruwa ya bari. Duk wannan mun gan shi kafin mu gama shan ruwan da aka kawo mana.

Idan kin je, ki fara da maigadi da mai shagon cikin layi, sannan ki nemi shugaban ƙungiyar mazauna. Ki tambaye su yaushe aka yi musu alkawarin makulli, yaushe suka karɓa. Titi da magudanar ruwa da taransifoma da rijiyar burtsatse, kamfani ne ya yi ko su suka haɗa kuɗi bayan sun gaji da jira? Nawa suke biya na hidimar unguwa a shekara, wa ke karɓa, ana yi musu bayanin inda kuɗin ya tafi? Da rufi ya yi yoyo a daminar farko, kamfanin ya turo a gyara ko ya daina ɗaga waya? Sannan babbar tambaya: akwai wanda ya karɓi takardar mallaka da sunansa a cikinsu, ko har yau takardar rabon gida ta kamfani kawai suke riƙe da ita? Wata dabara kuma, ki lura cewa wanda ke son sayar da gidansa ba zai kushe unguwar ba, amma ɗan haya babu abin da zai ɓoye miki. Ki nemi 'yan haya.

Daga nan ki koma wurin da ake aikin yanzu, ki shiga gidan da ba a yi wa filasta ba. A nan ki kashe ɗan kuɗi ki ɗauki injiniya naki na kanki mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, wanda ba ya cin abinci a hannun kamfanin. Abin da za ki ba shi bai kai kuɗin ƙofa ɗaya ba. Shi zai auna rodin ginshiƙi, ya duba tazarar zobban da aka ɗaure shi da su, ya ga zurfin harsashi da yadda ake kwaɓa kankare. Amma ke ma akwai abin da idonki zai gani. Ki ɗauki bulo ki karce shi da makulli. Idan yashi yana zuba, siminti ya yi kaɗan. Ki sa lebura ya ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ya sake; mai kyau zai tsaya ko ya rabe biyu, na banza zai wargaje. A sanina buhu guda na kilo 50 bai kamata ya ba da bulo mai inci 9 fiye da talatin da 'yan kai ba, amma akwai masu buga hamsin. Ki duba ko ana shayar da kankare ruwa bayan an zuba, domin sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, wanda ke gaggawar cire katakon dekin don ya kai wani gida kuwa yana wasa da rayuka. Mun ga abin da ya faru a Ikoyi da ke Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 ya rufta ana cikin gininsa, sama da mutum arba'in suka rasu. Idan aka hana ki shiga wurin aiki da injiniyanki, a ganina maganar ta ƙare a nan.

Ki ɗan tsaya da leburori da birkiloli lokacin cin abinci, ki tambaye su ana biyansu a kan lokaci. Mu ma a kasuwa mun san wanda ke biya da wanda ke ɗaukar kaya bashi a rumfa uku yana gudun ta huɗu. Wannan ba gulma ba ce, yana shafar ki kai tsaye: kamfanin da ke bin leburansa da haƙuri, da kuɗinki zai ƙarasa gidan wanda ya riga ki biya, naki kuma sai an samu wani sabon mai saye. Ranar da masu saye suka ragu aikin ya tsaya, ciyawa ta cinye kangon. Irin waɗannan kangwaye suna nan birjik a gefen gari. Hoton shahararren mutum a allon talla, ko lambar yabo a bangon ofis, ko yawan mabiya a Instagram, duk kuɗi na sayen su. Katin REDAN, ƙungiyar masu gina rukunin gidaje, yana da amfani domin akwai inda za ki kai ƙara, amma shi ma bai isa shaida ba.

Maganar takardu ta lauya ce, sai dai ki san abin da za ki sa shi ya nemo. A Abuja minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili. Takardar ƙaramar hukuma ko ta wani mai unguwa ta jefa mutane da yawa cikin kuka. Lauyanki, ba na kamfani ba, ya je AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ya binciki filin: sunan wa ke kan takardar, don gidajen zama aka ba da shi, an soke ko ba a soke ba, an jinginar da shi a banki ko babu. Sau da yawa sunan da ke kan takardar daban, kamfanin da ke sayarwa daban, domin haɗin gwiwa suka yi da mai fili. To a nuna yarjejeniyar, saboda ranar da suka ɓata, mai saye ne a tsakiya. A nuna kuma amincewar sashen kula da tsarin gine-gine, a gwada da abin da ke ƙasa, domin wani a ba shi izinin gida arba'in ya cusa sittin, ya cinye filin wasan yara da hanyar ruwa, ranar rusau kuwa ba ruwan katafila da rasit ɗinki. Ki shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki duba shekarar da aka yi wa kamfanin rajista; wanda ke cewa ya shekara ashirin yana gini alhali rajistarsa ta bara ce, ki tambayi sunan da yake amfani da shi a da, da dalilin sauyawa. 'Yan'uwa na Kano da Kaduna da ke karantawa, ku naku ofisoshin filaye da na tsarin gine-gine su ne KANGIS da KNUPDA a Kano, KADGIS da KASUPDA a Kaduna.

Yarjejeniyar kuma kada ki sa hannu a ofishinsu a ranar, ki tafi da ita gida. A rubuta ranar miƙa makulli da abin da zai biyo baya idan suka saɓa. A rubuta irin kwano da kaurinsa, irin tayil, irin ƙofofi, irin wayar wuta, ba "kamar gidan gwaji" kawai ba. Ki nemi sakin layin da ya ba su damar ƙara farashi. A farkon 2024 buhun siminti ya tashi daga wajen naira dubu biyar ya haura dubu goma, mutane da yawa da suka kusa gama biya aka aiko musu takarda cewa su ciko miliyoyi ko a mayar musu da kuɗinsu, bayan an cire wani kaso, kuɗin ma ga shi ya riga ya rage daraja. Ki dage a ɗaura biyanki a kan matakin aiki: harsashi, linta, rufi, kammalawa, kowane mataki sai injiniyanki ya gani. Ki nemi riƙe ko kashi biyar ne har gidan ya ga damina ɗaya. Ba kowane kamfani zai yarda ba, amma yadda suka karɓi maganar zai nuna miki su wane ne. Kuɗi kuma asusun kamfani kaɗai, ban da na mai talla ko na wani darakta, komai zaƙin rangwamen da aka yi miki.

Tunda kin ce ma'aikaciyar gwamnati ce ke, ana cire miki kashi biyu da rabi na asusun gidaje na NHF. Ko ba ki da niyyar karɓar lamunin, ki tambayi kamfanin ko ana iya sayen gidan ta FMBN, bankin lamunin gidaje na tarayya. Banki ba ya karɓar gidan da takardunsa ba su cika ba, don haka amsarsu za ta rage miki aiki.

Ranar karɓar makulli ki je da bokiti da fitilar hannu. Ki zuba ruwa a kowane banɗaki ki ga ko yana bin rariya ko yana taruwa a lungu. Ki ƙwanƙwasa tayil da makulli, wanda ya yi amon kwalba babu siminti a ƙasansa, zai fashe. A hau cikin silin a ga ko an yi wa katako maganin gara. Tsagar filasta siririya ba komai ba ce, amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, injiniya ya gani kafin ki sa hannu. Duk abin da aka samu a rubuta, su ma su sa hannu da ranar gyara. Idan kin samu jerin kayan da suka ce za su yi amfani da su, ki sako shi nan, na rodi da kwano da siminti zan duba miki in sha Allahu.