Hukuncin cire maraina saboda ciwon dajin furostat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana da shekara 68, a Maraɗi muke. Likita ya ce ciwon dajin furostat (wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji) ya kama shi har ya kai ƙashin baya. An ba mu zaɓi: allura duk bayan wata 3, ko aikin cire maraina. Baba ya ƙi aikin, ya ce dandaƙa haramun ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Maganarsa tana da tushe. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana Usmanu ɗan Maz'un ƙaurace wa aure, Sa'adu ya ce da an yarje masa da sun dandaƙe kansu. To amma dubi wanda aka hana: mutum ne lafiyayye, yana so ya kashe sha'awarsa don ibada. Baba kuwa ciwo ke cin ƙashinsa.

Wannan ciwo da sinadarin mazakuta yake girma, maraina kuma su ke samar da mafi yawansa. Tun 1941 likitan Amurka Charles Huggins ya nuna cewa in aka yanke sinadarin, ciwon yakan lafa. Lafawa fa, ba warkewa ba. Zafin ƙashi yakan ragu, fitsari ya sauƙaƙa, mutum ya iya tsayuwar sallarsa. Aya ta 119 a Suratul An'am ta ware abin da larura ta tilasta daga cikin haramun. Saboda haka aikin ya halatta, muddin ƙwararren likita ne ya ce ana buƙatarsa.

Sai dai larura da awonta ake ɗauka. Allura aiki iri ɗaya take yi ba tare da an yanke gaɓa ba, don haka ita ce gaba in kuna da halin ta. Na ce hali, ina nufin ku iya sayenta ba fashi, shekara da shekaru, ko da sai an aika Yamai an nemo. In za a yi biyu kuɗi su ƙare, ciwo ya farfaɗo, to aikin da ake yi sau ɗaya ya fi muku, kuma babu zunubi. Kada kuɗin su tafi wurin masu lasifikar kasuwa.

Batun iyali: kusantar mace takan yi rauni ta kowace hanya aka bi. A mazhabar Malikiyya wannan ba ya warware aure in ya auku bayan an tare, amma a sanar da Inna tun kafin a fara. Yardar Baba kuma sharaɗi ce, jikinsa ne. Ku karanta masa wannan a keɓe, ba a gaban jikoki ba.

Wallahu a'alam.