Yawo da ƙananan yara a Kano: mota ko adaidaita sahu?

'Yar'uwa, kin ce kina da goyo da ɗan shekara uku, kuma maigida na son sayar da mota saboda tsadar fetur tun cire tallafi a 2023, kina tambaya ko adaidaita sahu zai wadatar da ku.

Zai iya, amma da sharaɗi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, adaidaita ce ƙafar yawancin mata. Matsalarta ba ta da ƙofa. Kada ki taɓa zaunar da yaron a gefe, ki sa shi a tsakiya, hannunki riƙe da shi. Goyon kuma ki sauko da shi ki rungume a ƙirji kafin ki shiga, don in direba ya taka burki da ƙarfi, kan jaririn zai iya buguwa da ƙarfe. In akwai hali ki ɗauki shata, ki huta da cunkoso da sauke-sauke. Lokacin hunturu ƙura da hayaƙi suna shiga kai tsaye, sai a rufa wa jariri mayafi mara nauyi.

Zuwa Kantin Kwari ko Sabon Gari kuwa, adaidaita ta fi, don wurin ajiye mota kansa wahala ne.

Abin da ke damuna shi ne dare. In zazzaɓi ya rufe yaro da ƙarfe biyu, ina za ki samu abin hawa zuwa Asibitin Murtala? Ni da zan ba maigidanki shawara, ya bar motar a gida saboda irin wannan, ku riƙa hawa adaidaita da rana.