Wannan fanel ɗin Neo Geo, kar ka sa masa dalma tukuna

Wa alaikumus salam yarona, na ga saƙonka. Ka ce wani ya kawo shago fanel ɗin Neo Geo, injin gem ɗin nan na kamfanin SNK, mai ramin kaset ɗaya daga tsohon gidan gem ɗinsu na wajen Wunti, in an ba shi wuta sai dai a ji tak tak tak a sifika hoto na tsalle, kuma kana tambaya ko ka cire 68000 ɗin, wato firosesar da ke tafiyar da fanel ɗin, ka sa wani tunda ka ga akwai a akwatin tarkacena. To a'a. Ajiye ƙarfen dalmar nan ka kashe shi ma, ɗauko mita.

Wannan tak tak ɗin ba alamar firosesa ta mutu ba ce. A fanel ɗin akwai wani ɗan mai gadi da aikinsa kawai jiran firosesa ta taɓa shi a kai a kai, in ta yi jinkiri sai ya ɗauka ta maƙale ya yi mata risit, ta tashi ta sake maƙalewa ya sake yi, shi ne ƙarar da kake ji. Ita 68000 sau da yawa lafiyarta ƙalau, hanya ce aka tare mata, ko ba ta iya karanta BIOS, wato IC ɗin da ke ɗauke da umarnin tashi, ko RAM, inda take ajiye bayanan aiki, ba ya amsa mata. Ƙafa 64 gare ta fa, ka zauna ka cire su ɗaya bayan ɗaya a kan fanel ɗin da SNK ta fara fitarwa tun 1990, wallahi kafin ka gama ka ɗaga layi biyar, ka zo mini da ciwo biyu maimakon ɗaya.

Fara da wuta. A bakin JAMMA, wato haƙoran nan 56, 28 kowane gefe, na 1 da na 2 giraun ne, na 3 da na 4 bolt 5, na 6 bolt 12 na sauti. Amma ni ba a nan nake so ka tsaya ba, je ka auna a ƙafar IC can cikin fanel, nemi IC mai lamba 74LS mai ƙafa 14, a yawancinsu baƙar waya a ta 7 ake sawa ja a ta 14. Abin da suke so tsakanin 4.75 ne da 5.25, ni ina barinsa a 5.0 ko 5.1. Zai yiwu fawa safulai ta nuna maka 5.2 a bakinta amma kafin wutar ta ratsa tsofaffin wayoyi da haƙoran da suka yi baƙi ta iso 4.6, kuma a 4.6 fanel hauka yake yi kala-kala. In haka ne goge haƙoran da kilina ta fensir sannan sifirit, ka sake awo, kar ka yi saurin murɗa fawa safulai. Lokacin ina yaro kamarka na taɓa murɗa ta ba mita a hannu wai ina ƙara ƙarfi, fanel ɗin mutane ya yi wari, maigidana bai ce min komai ba sai da ya gama sallar la'asar, ranar na sha faɗa. Kuma duba ɗan makunnin 110 da 220 a jikin fawa safulai ɗin, kayan kwatano da yawa a 110 suke zuwa.

In wuta ta yi daidai sai ido. Fita da shi waje cikin rana, kaɗe ƙurar hunturun nan da burushi mai laushi, ka nufi wajen batir kai tsaye. Wannan batirin na bolt 3.6 shi ne babban mai laifi a irin waɗannan, shekara sama da 30 yana zaune yana yoyo, ruwansa na bin layukan tagulla yana cinye su a hankali, sai ka ga wurin ya yi kore-kore ko dalmar ta yi fari kamar toka. Yanke shi ka yar, gem na tashi ba shi. Ruwan batirin irin na kanwa ne, saboda haka ɗan binega ake shafawa ya kashe shi, a bi da sifirit a bar shi ya bushe sarai. Daga nan mita a kan mai ƙara, ka bi layi ɗaya ɗaya daga ƙafar firosesa zuwa BIOS zuwa RAM, musamman ƙananan ramukan nan da layi ke bi ya tsallaka bayan fanel, nan ya fi rubewa kuma ido ba ya gani, layi zai yi maka kyau fes amma mita ta yi shiru. Aikin na cin rai, na sani, sai ka yi awa biyu a kan wuri kamar tafin hannu. Wanda ka samu ya yanke sai ka ɗinke da siririyar waya, gajeriya, kar ka yi min doguwar gada a kai.

BIOS in a soket yake ɗaga shi a hankali ta gefe biyu, ka duba ƙafafun, ka mayar yadda ka same shi, tsagar kansa ta kalli inda take kallo da. In ka juya shi to ka kashe shi nan take.

Sai an wuce duk wannan ake ɗauko lojik furob, abin da ke nuna ko sigina na motsi a ƙafar IC. A 68000 ƙafa ta 15 kulok ce, wato bugun da ke ba firosesa lokaci, ya kamata ka ga tana rawa don a megahaz 12 take gudu, ta 18 risit, za ka ga tana faɗuwa daidai da tak ɗin da kake ji. In kulok babu to ka koma kan kiristal na megahaz 24, inda kulok ɗin ke fitowa. Kuma duk gwajin nan cire kaset, fanel mai lafiya ba kaset zai nuna maka zanen raga a allo, ka ga raga to sauran matsalar ramin kaset ce ko shi kaset ɗin ya yi datti.

Af, in mai shi ya ce a zo a duba akwatin gem ɗin gaba ɗaya kar ka je kai kaɗai, bayan tsohuwar talabijin ɗin nan akwai bolt sama da 20,000 kuma tana riƙe wuta ko an zare ta daga soket.

Auna min bolt 5 ɗin a ƙafar IC ka turo lambar, ka ɗauki hoton wajen batir gaba da baya. Gobe in sha Allah zan shigo bayan azahar, kuma kar ka yi wa mutumin alƙawarin rana.